Ƙwan Tumba

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan awaki, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Argungu duba ƙwai ba. Na so in manta. Na ma roƙi Allah ya mantar da ni. To amma mutanen da suka ga abin da idonsu Allah ya yi musu yawancin rai, kuma ba su da aikin da ya fi tuna mini.

A lokacin ba a ba mu jiha ba, komai sai an ce Sakkwato. Muna zaune a Birnin Kebbi, maigidana yana ɗinkin keke a bakin kasuwa, ni kuma ina kiwon kaji da zabi a tsakar gida. Abu biyu aka san ni da su a unguwarmu. Na farko sanyin murya. Ba a taɓa jin muryata ta tsallake katanga ba, ko yaro zan yi wa faɗa sai ya matso kusa kafin ya ji faɗan. Na biyu kuwa ƙwai. In kaza ta kwanta, mace ta ƙosa ta san ko wahalar banza kazar take yi, ni ake kawo wa. Sai in shiga ɗaki in turo ƙyaure, in bar 'yar kafar da rana ke shigowa, in dunƙule hannu in ɗora ƙwan a kai in leƙa. In na ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saiwar albasa, akwai rai. In ya yi duhu amma akwai ɗan fili na iska a kansa, ɗan tsako ya kusa fitowa. In ya yi fayau kamar ruwa, zakaran gidan sai cara kawai ya iya. In kuwa ya yi duhu ko'ina, to baragurbi ne, wato irin ƙwan da kaza ke tashi ta bari a gurbi, wanda in ya fashe sai unguwa duka ta sani.

Abin da ya lalata ni shi ne ajin yaƙi da jahilci. Wata rana malamarmu ta ji labari ta ce in tashi in nuna wa mata yadda nake yi. Da na gama ta rubuta baragurbi a allo da manyan baƙaƙe, ta ce kowa ta kwafa. Ita ce doguwar kalma ta farko da na iya rubutawa da hannuna. Tun daga ranar kaina ya ɗan kumbura. (Mu masu sanyin murya in kanmu ya kumbura ba a ganewa, shi ya sa namu ya fi daɗewa bai sace ba.)

Saratu ce 'yar farina. Kun ga yanzu na rubuta sunan ko gezau ban yi ba. Da can kuwa, tun ranar da aka raɗa mata shi har ta yi aure har ta haihu, bai taɓa fita daga bakina ba. "Ke" nake ce mata, in labarinta nake yi in ce "yarinyar nan". Ba na zama hira da ita, ba na dariya a gabanta. Haka uwata ta yi mini, haka na ga ana yi, kuma ni har na fi kowa tsanani, don ina jin daɗin a ce wance akwai kunya.

Mijinta Manu malamin firamare ne a Argungu. Shi kam ko fuskarsa ban sani ba sosai. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa a ƙofar ɗaki, ni ina ciki bayan labule, abin da nake hange ta ƙasa kawai takalmansa, wasu jajayen sandal masu ƙarfe a gefe. Da za a ce in nuno surukina a kasuwa, sai dai in bi mutane ina duba ƙafafunsu.

Da Saratu ta yi haihuwar fari, gida ta zo wanka kamar yadda aka saba. Da arba'in ta matso aka fara shirin mayar da ita ɗakinta. A ƙa'ida ba ni zan kai ta ba, ƙanwar maigidana ce, Ige, za ta jagoranci tafiyar. Sai ga saƙo daga uwar Manu, Inno Hajo, cewa yayan marigayi mijinta, wato Baba Arzika, wanda shi ne babba a gidan yanzu, yana roƙon alfarma in zo da kaina. Wai Tumbarsa ta yi ƙwai ta kwanta, ta daɗe ba ta tashi ba, kuma ya ji Saratu na cewa uwarta ko ta bayan bango ta kalli ƙwai sai ta faɗi abin da ke ciki.

Sai in faɗi gaskiya a nan. Tun lokacin neman aure an gaya mana cewa Baba Arzika ya yi gardanci da ƙuruciyarsa, irin masu yawo kasuwa-kasuwa da kwando suna wasa da macizai. Amma an ce ya tsufa ya daina yawon, yanzu sai ɗan kiwo a bayan gida. Ni kuwa a duniyata in an ce kiwo aka kuma ce ƙwai, to an gama magana. Ban ƙara tunanin komai ba.

Maigidana bai so tafiyar ba. Ya ce, "Gidan surukai na hwa. Yarinyar ga ba ta daɗe cikinsu ba, da abin da sunka gani gare ki za su auna ta. Ki tahi da mutuncinki ki dawo da shi."

Na ce, "Malam, ni ce hwa." (Ku riƙe wannan maganar, za ta yi amfani nan gaba.)

Ana gobe za mu tafi, da la'asar muna ɗaure kaya, Saratu ta yi ta kewaye-kewaye a bayana. Can ta yi ƙarfin hali, kanta a ƙasa, ta ce, "Inna, kin dai san Tumba ɗin nan ba irin..."

Na ce mata a hankali, har da ɗan murmushi, "Ke, ni za ki koya wa ƙwai?"

Ta koma ɗaurin kayanta. Mutane suna zaton masu haƙuri ba su katse mutum. Muna katsewa ƙwarai, da murmushi dai muke yi, mutum ba ya sanin an katse shi sai ya isa ɗaki.

Muka shiga a-kori-kura da sassafe, ni da Ige da mai jego da jaririnta da ƙullin kayan yaji, ƙarshen bazara ana ta kallon gabas ana jiran ruwan shuka. Mutanen Argungu suka tarbe mu kamar mun zo da sarauta. Ga fura, ga tuwon shinkafa, ga kifin da kansa kaɗai ya cika kwano. Ni kuwa na ja mayafi har goshi, na ɗan taɓa abinci na janye hannu (yunwa kamar ta kashe ni, amma suruka ba ta cin kifi a gaban jama'a tana tsotsar ƙaya). Ina jin matan gidan suna raɗa: "Kun ga uwar, shi ya sa ɗiyar ke da natsuwa." Wallahi daɗin maganar nan ya fi mini kifin.

Da hantsi ya ɗaga aka ce ga Baba nan tafe. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, aka shimfiɗa masa tasa nesa kaɗan. Gidan cike yake da mata 'yan ganin jariri, da suka ji za a duba ƙwai sai kowa ta jawo kujerarta. Dogon tsoho ne siriri, hannuwansa duk tabo, ga layu a damtse. A bayansa wani ya shigo ɗauke da babbar ƙwarya a rufe da faifai, ya ajiye a gabana ya koma gefe ya juya baya. Ban ɗaga kai ba, amma na ga jajayen sandal. Na ƙara jan mayafi.

Muka gaisa, gaisuwar surukai, doguwa, kowa na kallon tabarmarsa. Sannan ya ce, "Uwar ɗiyata, abin da yas sa nis sa a wahalshe ki. Tumba tun tana 'yar ƙarama nika kiwonta. Shekara da shekaru ba ta taɓa yin ƙwai ba sai bana. Tun da tak kwanta ba ta sa komi bakinta ba, ta rame sai ƙashi. In da rai cikinsu, in bar ta ta ƙarasa. In babu, yau ɗin ga in kwashe su in zuba gulbi, ta samu ta ci abinci kada in rasa ta. Ni ban san ƙwai ba, ban taɓa ganin an yi shi a gida ba. Abin da kinka ce shi za a yi."

Wani daɗi ya ratsa ni. Babban gida guda, ga tsoho mai furfura, an ce abin da na ce shi za a yi.

Na ɗaga faifan. Ƙwai ne 'yan kaɗan a kwance cikin danshin ƙaiƙayin shinkafa, ya ce waɗanda suka rabu da sauran ne ya ɗebo, ragowar sun manne da juna ba su ɗaukuwa. Manya ne, kowanne ya cika tafin hannu, farare fat, kowanne da ɗan zanen gawayi a bisansa. Ban taɓa ganin irinsu ba. Mace mai hankali a nan za ta ce, "Baba, ƙwan mene ne wannan?" Tambaya ce da ko yaron goye zai iya yi. To amma wadda aka ɗauko a mota tun daga Birnin Kebbi, aka ba ta kan kifi, ta buɗe baki ta ce ba ta san ƙwan ba? Na yi lissafi a zuciyata: ya fi na agwagwa, ya fi na talo-talo, garin bakin gulbi ne, to dinya ce, babbar agwagwar ruwan nan.

Ige ta sunkuyo ta raɗa mini, "Ƙwan mi na wanga?"

Na raɗa mata, "Dinya. Ke dai ba ki san komi ba sai cin goro."

Abin da ya ƙara rufe ni, a gidan nan ba a kiran abin da sunansa. Ko a garinmu ma in dare ya yi igiya ake cewa, to su gidan gardawa dare da rana ba su faɗi. Kowanne da sunansa na mutane, in an haɗa su a ce "mutanen bayan gida". Don haka duk zaman nan babu wanda ya furta kalmar da za ta cece ni. Su suna zaton na sani. Ni kuma ina zaton na sani.

Na fara tambaya irin ta masana, murya ƙasa-ƙasa. Na ce, "Baba, akwai namiji tare da ita?"

Ya ce, "Akwai wani malalaci. Shekaru suna ɗaki guda ko kallonta bai yi. Sai da sanyin bana nis same su sun nannaɗe da juna, har ba ka gane wuyan wani daga na wani."

Matan suka yi ta ƙunshe dariya. Ni kuwa na gyaɗa kai, na ce a raina, dinya ai akwai dogon wuya.

Na ce, "Ina uwar take yanzu?"

"Tana bayan rumbu tana shan hantsi, na kihe ta da kwando. Ba ta son baƙi. In ta husata sai ta yi ta huci."

Na sake gyaɗa kai. Duk wanda dinya ta taɓa kora ya san hucinta.

Na kai hannu zan ɗauki ɗaya, sai ya yi saurin cewa, "A yi haƙuri, kada a juya shi. Inda gawayin nan yake shi na sama. Yadda ta aje su haka nika barinsu."

Na ce, "Baba, ƙwai ai sai da juyi. Uwar da kanta takan sa baki ta juya su."

Ya ce, "Tumba ba ta juyawa."

Na ce, "To, ka ji ɗaya."

Da na ɗauka sai na ji shi laushi, kamar an ɗura ruwa a salkar fata, ga shi ya lotsa ta gefe. Na ce, "Ɓawon ma bai yi ƙwari ba. Ka ji biyu. Nan gaba a riƙa daka mata ƙashi da ɓawon katantanwa ana zuba mata a dusa."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Dusa?"

Na ce, "Dusa."

Ya ce, "To." (Allah ya jiƙan Baba Arzika. Mutum ne mai kawaici. Da ya yi mini gardama a nan da ya taimake ni.)

Na ce, "Tun yaushe take kwance?"

"Ta haura wata biyu."

Nan kam har tausayinsa ya kama ni. Wata biyu! Wace mai fuka-fuki ce ke kwanci wata biyu? Amma don a ga aiki, na lulluɓe kaina da mayafi na yi duhu, na bar 'yar kafa ta wajen rana, na leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Duhu ko'ina, babu ɗan filin iskar nan ko kaɗan. Guda ɗaya ne kawai ya bambanta, ɗan ƙarami, ruwan ɗorawa, mai tauri. Shi na ware gefe na ce wannan kaɗai ne ake iya sa wa rai, don shi ne ya yi kama da ƙwan kirki.

Na fito daga mayafi, na ɗauki mafi girma a cikin fararen, na ɗaga shi yadda kowa zai gani. Mata suka miƙo wuya suna kallo. Na ce, "Baba, sai haƙuri. Baragurbi na. Duka baragurbi na. A kai gulbi tun ba su hwashe ma mutane a gida ba."

Tsohon nan ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ko jiya sai nig ga kamar wanga ya motsa."

Na ce, "Iska ta, ruɓa ke sa haka." Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai Shaiɗan ya ƙara mini da cewa, "In wanga ƙwai ya ƙyanƙyashe, ku sake mini suna."

Ina rufe baki sai na ji danshi a tafina. Na duba, ga wata 'yar tsaga a bisan ƙwan kamar an ja reza, wani ruwa mai yauƙi yana fitowa da 'yan kumfa. Na ce, "Yawwa, kun gani? Ya ma fara hwashewa da kansa. Ku toshe hanci." Don in tabbatar musu, na kawo shi daidai hancina zan shinshina.

Tsagar ta buɗe. Wani ɗan kai ya leƙo, mai zane-zane, da 'yan idanu kamar ƙwayar gero. Babu baki irin na tsuntsu, babu gashi. Muka kalli juna, ni da shi. Ina nan ina neman inda zan ajiye wannan a cikin ilimin dinya, sai ya zaro wani ɗan harshe mai baki biyu ya lashi kan hancina.

Abin da ya biyo baya, rabinsa labari aka ba ni.

An ce ƙarar da na yi, masunta a bakin gulbi sun ɗaga kai. An ce akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Ni da ake matsowa kafin a ji faɗana! Na wurga ƙwan sama, na watsar da mayafi, ɗankwali ya bi shi, na tsallake ƙwaryar, na tsallake wata tsohuwa da kujerarta. A raina ƙasar gidan nan duka macizai ce, don haka abin da nake nema kawai wurin da ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba. Na ga wani abu dogo a tsaye ya ba ni baya. Na ɗare shi. Na maƙale wuya da hannu biyu, na naɗe ƙafafu a ƙugu, ina kururuwa: "Maciji! Maciji! Saratu! Saratu, ɗauki yaron ki gudu! Manu! Ina Manu? Manu, zo ka cece ni!"

A numfashi ɗaya na kira sunan da ba a faɗi a gidan, na kira sunan 'yar farina, na kira sunan surukina har sau uku, kaina ba ɗankwali, kitsona na kwana da kwanaki a waje.

Sai na ji abin da na hau yana rawa, yana cewa da wata 'yar murya, "Ga ni, Inna. Sannu, Inna. Sannu, Inna."

Na leƙa ƙasa ta kan kafaɗarsa. Jajayen sandal, masu ƙarfe a gefe.

Jama'a, akwai mutuwar da ba a yi wa wanka. Bawan Allah nan ya runtse ido, ya ware hannuwa kamar mai shanya, don ba shi da halin taɓa ni ya sauke ni, ba shi da halin juyowa, ba shi kuma da halin gudu da surukarsa a goye. Ni ma na kasa sauka, don in na sauka dole in tsaya a gabansa. Muka ƙame a haka, shi yana ta "Sannu, Inna", ni kuma, Allah shi ne shaida, sai na ji bakina ya ce, "Yawwa, sannu. Ya aiki?"

Ya ce, "Da godiya."

Ige ce ta fara. Ta faɗi a ƙasa tana bugun tabarma, ta ce, "Sauko mana! Ko Sakkwato za shi kai ki?" Daga nan gidan ya fashe. Tsohuwar da na tsallake tana dariya tana tari, ana bubbuga mata baya.

Mutum ɗaya ne bai ko kalle ni ba. Baba Arzika ya tare ƙwan da gaban rigarsa tun yana sama, ya durƙusa a kansa yana kallo, hawaye na bin gemunsa. "Ɗiyan Tumba," yake cewa, "ɗiyan Tumba. Yau da na zuba ku gulbi." Sai a lokacin na ji wata na gaya wa Ige cewa Tumba mesa ce, tsawonta ya fi tabarmar da nake zaune a kai, kuma kaza guda take haɗiyewa in ta tashi cin abinci. Ita na ce a dama wa dusa.

Yadda na sauka ban sani ba. Na dai tsinci kaina a ƙuryar ɗakin Saratu, na juya wa ƙofa baya, na ja zanen gado na rufa. Ina ta tuna maganar maigidana. Na zo da mutunci cike da mota, ga shi ko na komawa babu. Abin da ya fi ci mini rai yarinyar nan, da za ta zauna a gidan da aka ga uwarta a bayan mijinta.

Can na ji an shigo an zauna a bakin gado. Saratu ce. Sai ta ce, "Inna."

Na ce, "Mm."

Ta ce, "Ashe kin san sunana."

Na so in daure. Na cije zanen. Sai na ji gadon yana girgiza, ita ma daurewar take yi. Ban san wadda ta fara ba, muka dai kece da dariya, ni da 'yar da ban taɓa yi wa dariya a gabanta ba, har jaririn ya farka ya taya mu da kuka. Ta ce, "Na so in gaya miki jiya." Na ce, "Na sani, rufe mini baki." Ranar muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba tun da na haife ta.

Inno Hajo ta shigo da ɗankwalina da mayafina a ninke. Ta ce kada in damu, ita abin da ta gani shi ne uwar da tsoro bai hana ta tuna jikanta ba, kuma gidan da ke da irin wannan uwa sun yi dacen ɗauko ɗiya. Na karɓa na yi godiya. (Gaskiyar magana sai da na hau na zauna daram tukuna na tuna da jaririn. Ban dai gyara mata ba.)

Da za mu tafi Baba Arzika ya aiko a tsaya. Ya zo har bakin zaure, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Ya ce sauran ma sun fara tsagawa, kuma shi ya yi imani ɗumin hannuna ne ya fito da na farkon. Ya ce, "Uwar ɗiyata, kin ce a sake miki suna, kuma magana ta manya ba ta faɗuwa ƙasa. Daga yau ke ce Ungozomar Tumba." Ɗan da ya lashe ni kuwa ya raɗa masa Baragurbi. Daga baya aka aiko mana cewa duka sun fito, in ban da guda ɗaya: ɗan ƙaramin nan mai ruwan ɗorawa da na ce shi kaɗai ne na kirki.

Na roƙi Ige a mota, har na yi mata alkawarin zabuwa, ta rantse ba mai ji. Kafin in kwance ƙullin kayana labari ya wuce unguwarmu ya kai har garin Gwadangaji. Maigidana ya shigo ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ni ce hwa," ya fita, ina jiyo shi a zaure yana shaƙewa. Da na koma aji, na tarar wata ta riga ni ta rubuta baragurbi a allo, ta zana masa ɗan harshe. Sunan kuwa ya bi ni. Har wani mutumin Zauro ya taɓa yin sallama da rana tsaka, a guje, wai an ce masa nan ne gidan ungozoma, matarsa na naƙuda.

Manu ya daina durƙusawa a bayan labule, ni ma na daina ɓuya. Mutumin da ya goya ka, me ya rage ka ɓoye masa? Ashe ma yana da 'yar wushirya, ban sani ba sai bayan nan. Saratu kuwa ta zauna lafiya a gidan, tsohon nan har ya rasu ba ya cin abu mai daɗi bai aika mata ba.

Har yau ana kawo mini ƙwai, kuma har yau ina dubawa, don idona bai mutu ba. Sai dai na ƙara mataki ɗaya a aikin. Ko jikata ce ta shigo da shi a hannu, ko na ga kazar da idona tana bin ta a baya, ba na miƙa hannu sai na tambaya tukuna, a hankali, yadda na saba magana:

"Tsaya daga nan. Uwar tana da ƙafafu?"